Kwafin libarba Colt 1851 Navy bayan shekara biyu a hannuna: inda take cijewa da yadda na shawo kanta

Shekara biyu kenan da na sayi wannan bindigar, kuma na daɗe ina son in rubuta abin da na gani game da ita saboda kusan duk wanda ya saye ta sabuwa yana shiga irin damuwar da na shiga a watannin farko, sai ka ji mutum yana cewa an sayar masa da lalatacciya, alhali bindigar lafiyarta ƙalau, aikinta ne dai ba a ƙarasa ba tun daga masana'anta. Wannan shi ne ainihin ra'ayina a kanta. Kaya ne mai kyau, ƙarfe mai kyau, amma kamar tela ya ba ka riga bai kashe bakin zare ba, kai za ka zauna ka ƙarasa da hannunka ko ka kai wa wanda ya iya.

Ga wanda bai san irinta ba, libarba ce ta ɗuri, wato ba ta cin harsashin kwanso irin na zamani. Silinda tana da ɗaki 6, kowane ɗaki ka zuba masa baƙin albarushi ta gaba, ka ɗora ƙwallon dalma, ka danna shi da libar da ke ƙarƙashin bututu, sannan ta baya akwai wani ɗan ƙarfe mai huda da ake ce wa nono, a kansa ake sa 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da maganin da ke tashi idan hama ta buge shi. Asalinta kamfanin Samuel Colt ne ya ƙera ta a Hartford, jihar Konetikat a Amurka, daga 1850 har zuwa 1873, sun yi sama da 200,000 a can, sun kuma yi wajen 42,000 a masana'antarsu ta Landan. Faɗin bakinta inci .36 ne, bututun inci 7.5 mai kusurwa 8, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. A jikin silinda akwai zanen yaƙin jiragen ruwa na Kamfeche, a gaɓar tekun Meziko, da aka yi a 1843, kuma kwafin da ke hannuna ma yana da zanen, duk da bai yi zurfi ba. An yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da ita sosai. Tawa ba ta asali ba ce, kwafi ce ƙirar Italiya kamar yawancin waɗanda ake samu yanzu, mai firam ɗin baƙin ƙarfe, wato gangar jikin da ke riƙe da inji.

Abin da ya fara burge ni shi ne riƙonta. Gaskiya ban taɓa riƙe bindigar hannu da ta zauna a tafin hannu kamar wannan ba, ka miƙa hannu kawai sai ka ga bakinta yana kallon inda idonka yake. Katakon mariƙin an goge shi da kyau, launin ƙarfen ya yi baƙi sumul, liba tana shiga makullinta da ƙara mai daɗi. Ranar farko a filin harbi kuma sai labari ya sha bamban. Harbi na 1 lafiya, na 2 lafiya, na 3 na ja hama ta ƙi zuwa, silinda ta cije kamar an yi mata walda.

Hula ce. Wannan ita ce matsalar da ta fi cin raina kuma ita ce ta fi ɗaukar min lokaci, don haka bari in tsaya a kanta. Idan hama ta bugi hula, hular tana fashewa ta buɗe kamar fure, to abin da ya kamata shi ne ta zauna a kan nono har silinda ta juya ta faɗo ta gefen dama. Amma a bindigar Colt bayan a buɗe yake, akwai rami tsakanin hama da firam, sai ɓallin hular ya zame ya faɗa ciki. In ya tsaya a gaban hama, harbi na gaba hamar ba za ta kai ga nono da ƙarfi ba, sai ka ji ƙwas babu komai. In kuma ya gangara can ƙasa cikin inji to sai ka kwance mariƙi gaba ɗaya kafin ka ciro shi. Na taɓa ciro wani ɓalli da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya lanƙwashe ya manne a gefen hamar, shi kaɗai ya tsayar da bindigar cak.

Da farko na ɗauka laifin hulunan ne kawai sai na yi ta canza su. Akwai lamba 10 da lamba 11, kuma abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne lambar ba ta nufin abu ɗaya a wajen kowane kamfani, lamba 10 ta Remington da lamba 10 ta CCI ba tsayinsu ɗaya ba, ba faɗinsu ɗaya ba, ga kuma RWS 1075 ita ma da nata girman. Hular da ta yi wa nono kaɗan ba ta zama har ƙasa, bugun farko sai ya ƙarasa zaunar da ita, bugu na biyu ne za ta tashi, mutum ya yi ta zargin sifirin ɗin hama alhali ba ruwansa. Wadda ta yi yawa kuma tana faɗowa da kanta idan bindiga ta girgiza, wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne, zan dawo kansa. Wasu suna matse hular da yatsa ta ɗan lotsa don ta kama, ni ban yarda da wannan dabarar ba sam, domin in ka matse ta gefe biyu ka buɗe mata kafa a sauran gefe biyun.

Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi, wanda ya fi shekara 30 yana harba irin waɗannan, shi ya karɓi bindigar ya ja hama baya ya ce min, yaro duba fuskar hamar nan. Na ce Baba me zan gani? Ya ce sa farcenka. Akwai wata 'yar tsaga a fuskar hama wadda aikinta shi ne ta hau kan ƙananan fil da ke tsakanin ɗakunan silinda idan ana so a ajiye hama a wurin da ba hula, to gefen tsagar nan a tawa kaifi ne da shi kamar reza, farcena har ya kankaru. Idan hular ta fashe, taushin jan ƙarfen yana cusuwa cikin tsagar, kaifin ya riƙe shi, kana jan hama sai ta tsinko hular daga kan nono ta sake ta daidai bakin ramin. Na koma gida na samu ɗan dutsen washi mai laushi na kashe kaifin kawai, ban faɗaɗa tsagar ba, ban rage fuskar hamar ba, minti 10 bai cika ba. Cijewar ta ragu fiye da rabi.

Sauran rabin kuma nonon ne. Waɗanda suka zo da bindigar hudarsu ta ciki ta yi faɗi, kuma da na jera su 6 a kan farar takarda na haska fitila ta baya sai na ga ba ma girmansu ɗaya ba, biyu sun fi sauran faɗi ƙarara. Idan huda ta yi faɗi iskar harbi tana dawowa ta baya da ƙarfi, ta yayyaga hular, wani lokaci har ta ɗan ɗaga hama. Na sayi sabbin nono na wani kamfani daban masu ƙaramar huda, na nemo hular da ke zama musu dam da turawar ɗan katako, shikenan. Yanzu ina iya harba silinda 5 ko 6 a jere ba tare da hula ta faɗa ciki ba. Akwai masu dasa ɗan fil a cikin firam a gaban hama don ya riƙa tare hula, na ga bindigar da aka yi wa haka kuma tana aiki sosai, amma wannan aikin mai gyaran bindiga ne don sai an huda firam an kuma yanka hanya a jikin hama, ni ban kai ga buƙatarsa ba. Abin da na ƙara kawai shi ne ɗan karkata bindigar dama lokacin jan hama, bakin yana kallon gaba dai, ba ɗaga shi sama ba kamar yadda wasu suke yi.

Matsala ta biyu ita ce wadda na fi jin haushin masana'antar a kanta, saboda abu ne da za su iya gyarawa kafin su sa a kwali. A ƙirar Colt bututu ba a haɗe yake da firam ba, akwai sandar ƙarfe mai kauri da ta fito daga firam, silinda tana juyawa a kanta, ƙarshenta ya shiga rami a ƙarƙashin bututu, sai weji, wato ɗan faffaɗan ƙarfe mai tsini, ya ratsa su duka ta gefe ya ɗaure. Yadda ya kamata shi ne ƙarshen sandar ya dira a gindin ramin, ta yadda komai bugun da ka yi wa weji tazarar da ke tsakanin silinda da bututu ba za ta canza ba. A tawa sandar ta gaza. To me ke faruwa? In ka tura wejin da yawa bututun yana karkatowa ya matse fuskar silinda, ta ƙi juyawa ko da bindigar a wanke take tas. In ka sassauta shi kuma sai bututu ya riƙa motsi, tazara ta buɗe, yau ƙwallo ya sauka nan gobe ya sauka can, don duk lokacin da ka kwance ka ɗaura kamar wata bindiga daban ka ɗauko. Na yi wata 3 ina zargin hannuna da idona kafin na gane.

Gwajin ba wuya. Ka jefa ƙaramar washa siririya cikin ramin ka mayar da bututu, in ya koma ya zauna daidai da firam kamar ba ka sa komai ba to sandarka ta gaza. Ni sai da na jera washa biyu kafin bututun ya ƙi zama, daga nan na riƙa goge ɗayar a kan samfefa kaɗan kaɗan ina gwadawa, har tazarar ta tsaya wajen inci 0.004 a fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, wato kamar kaurin takarda ɗaya, da weji a buge sosai. Na manne washar a gindin ramin don kar ta riƙa faɗowa wajen wanki. Wallahi bambancin kamar dare da rana. Kuma don Allah kar a bugi weji da hamar ƙarfe, katako ko roba ya isa, na ga bindigogi da yawa da gefensu ya lotse saboda wannan.

Sai maganar dauɗa, wadda ita ba laifin bindigar ba ce, halin albarushin ne. Baƙin albarushi idan ya ƙone kusan rabinsa ba ya zama iska, yana zama toka da baƙi, kuma wannan tokar tana fesowa ta tazarar gaban silinda ta shiga kan sandar tsakiya. Ni da na saba da bindigar zamani sai na shafe ta da man bindiga na fetur, bayan silinda 2 sai jan hama ya koma kamar ana jan guga cike da ruwa, da na kwance sai na tarar da wani abu baƙi mai danƙo kamar kwalta ya daskare a kan sandar. Man da aka samo daga fetur ba ya shiri da tokar albarushi. Abin da ke aiki shi ne kakin zuma a narka shi da kitse ko man zaitun, a cika ramukan da aka zana a jikin sandar da shi, tokar sai ta zauna da laushi. A nan ma Colt ta fi libarbar ɗuri ta Remington da ake kira 1858, duk da Remington tana da gada a saman silinda kuma ta fi ƙarfin jiki, sandarta siririya ce ba ta da wajen riƙe mai, tana saurin cijewa da dauɗa. Abokina yana da ita, shi hula ba ta cika damunsa ba amma kusan duk silinda 2 ko 3 sai ya zare sanda ya goge. Kowacce da inda take ciwo.

Man nan kuma yana da wata illa, idan ka ajiye bindiga da mai a cikin ɗakuna yana gangarawa ya toshe hudar nono, ka zo harbi hula ta tashi albarushi ya ƙi kamawa. Tun da na fara goge ɗakunan da busasshen ƙyalle, in kuma fasa hula ɗaya a kan kowane nono kafin in zuba komai, ban sake ganin wannan ba. Idan dai ya faru, hula ta tashi bindiga ba ta tashi ba, kar ka juyo ta ka leƙa, ka bar bakin yana kallon gaba ka ƙirga minti ɗaya cur, saboda wuta tana iya cin albarushi a hankali ta tashi daga baya.

Cikin injin, abubuwan da ke motsi ba su da yawa: hama, kunama, wani ɗan yatsa da ke tura haƙoran bayan silinda, da sakata da ke fitowa daga ƙasa ta shiga gurbi ta kulle silinda. Taimin ɗinsu, wato kowanne ya motsa a daidai lokacinsa, shi ne komai. Ka ja hama a hankali a ɗaki shiru ka saurara, za ka ji ƙara ta farko a rabin ja, nan sakata ta janye silinda tana juyawa sakaka, sai ƙara ta biyu lokacin da sakata ta faɗo kan 'yar gangarar da ke gaban gurbi, sai ta ƙarshe inda kullewar silinda da tsayawar hama suke zuwa tare. A tawa taimin ɗin ya zo daidai, wannan na yaba musu. Abin da bai zo daidai ba shi ne kan sakatar ya ɗan fi gurbin faɗi, ba ya shiga har ƙasa, bayan harbi kamar 200 sai na ga bakin gurabun ya fara tasowa kamar an dandaƙe shi. Gyaran shi ne a rage kan sakatar kaɗan ta gefe ɗaya da dutse har ta shiga kowane gurbi ba tare da wasa ba, kuma na kai wa mai gyara ne ya yi min, domin in ka rage fiye da kima silinda za ta riƙa rawa, ɗaki ba zai daidaita da bututu ba, dalma ta riƙa fesowa gefe. A nan nake roƙon duk wanda ya sayi irin wannan, kar ka ɗauki magagari ka hau kan ɗan yatsa ko sakata ko haƙorin kunama don kawai silinda ta cije. Sau tara cikin goma hula ce ko weji ko dauɗa. Ƙarfen da ka goge ba ya dawowa, haƙorin kunama kuma in ka taɓa shi ba ka iya ba za ka mayar da bindigar mai tashi da kanta.

Layin nan da ke zagaye silinda a bindigogi da yawa, yawanci mai ita ne ya jawo, in hama tana rabin ja sai mutum ya sauke ta daga nan, sakata ta fito a tsakiyar hanya ta riƙa kartar ƙarfe. Kullum ka kai hama ƙarshe tukuna sannan ka sauke.

Sifirin biyu sun karye min cikin shekara biyun, kuma dukkansu faffaɗan siraran nan ne. Na farko na ɗan yatsa. Alamarsa tana da sauƙin ganewa in ka sani: bindiga babu komai a ciki, ka sunkuyar da bakinta ƙasa ka ja hama silinda ta juya, ka ɗaga bakin sama ka ja ta ƙi juyawa, to sifirin ɗin ɗan yatsa ya tafi, nauyinsa ne kawai yake kai shi kan haƙora idan an sunkuya. Na biyu mai ƙafa biyu ne da ke aiki wa kunama da sakata tare, shi kuma da ya karye silinda ta daina kullewa, tana wucewa kawai. Ba abin tashin hankali ba ne, haka ƙirar take tun asali, amma ina ganin ya kamata a riƙa sa guda ɗaya na sauyi a cikin kwali. Yanzu ina ajiye biyu biyu a akwatin kayan aiki, na kunamar kuma na canza shi da irin na waya mai zagaye wanda ya fi jure lanƙwasa.

Sukurorin jikinta taushi ne da su, kuma an ɗaure su tamau daga masana'anta. Na ɓata kan guda ɗaya a ranar farko da sukudireba na gida mai baki kamar weji, ya zame ya kuma ja layi a jikin firam, har yau in na gani raina yana sosuwa. A nemi sukudireba na bindiga mai baki madaidaici wanda ya cika tsagar. Nonon ma haka, biyu sun ƙi kwancewa sai da na jiƙa su da mai kwana 2, tun daga nan nake shafa musu ɗan giris a zare kafin in mayar. Kuma kar a riƙa sakin hama a kan nono babu hula, bakinsa yana fallatsa ya yi kamar naman kaza, hula ta daina shiga.

To maganar da na ce zan dawo kanta, wato ɗaki fiye da ɗaya ya tashi lokaci guda. Bai taɓa faruwa da ni ba, alhamdulillahi, amma na tsaya kusa da wanda ta faru da shi, ƙarar daban ce kuma ƙwallo ɗaya ya daki gefen libar ya bar dalma a manne. Wuta tana shiga maƙwabcin ɗaki ta ɗayan hanya biyu, ko ta baya inda hula ta yi sako-sako ko ta faɗi, ko ta gaba inda ƙwallo bai toshe ɗaki ba. Ƙwallon da ya dace shi ne wanda in ka danna shi bakin ɗakin zai aske masa siririn zobe na dalma cikakke, zagaye ɗaya ba yankewa. Na fara da .375 kamar yadda aka saba, zoben yana fita rabi rabi a ɗakuna biyu, har wata rana ƙwallo ya zamo gaba saboda girgiza ya tokare bututu silinda ta tsaya. Da na koma .380 zoben ya riƙa fita cikakke. Dalmar kuma ta zama zalla mai taushi, mai tauri tana wahalar da liba har ta iya lanƙwasa ta. Ina sa giren 20, wato ma'aunin nauyin albarushi, na FFFg mai ƙananan ƙwaya, da ɗan fefen ulu mai mai tsakanin albarushi da ƙwallo, in danna har ƙwallon ya zauna a kai ba iska a tsakani. Albarushin zamani mara hayaƙi kuwa ko ƙwaya ɗaya kar ya shiga wannan bindigar, fasa ta zai yi a hannunka, an ma rubuta a jikin bututun. Kuma daga gora zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa ɗaki, ba a zubawa kai tsaye daga gora saboda ragowar tartsatsi. Tabarau dole ne, ɓallin hula yana tashi.

Ga masu tambaya ko su ɗauki mai firam ɗin tagulla saboda ƙyallinta, ni dai ba zan ba da shawarar ba in har za a riƙa harbawa da yawa. Colt bai taɓa yin 1851 da firam ɗin tagulla ba, masu ƙera na ɓangaren jihohin kudu ne a lokacin yaƙin basasar Amurka, irin su Griswold da Gunnison a Jojiya, suka yi amfani da tagulla saboda ƙarancin ƙarfe. Tagulla tana da taushi, da ɗuri mai nauyi haƙoran silinda suna buga hatiminsu a jikin firam, sandar tsakiya ta fara sassautawa, silinda ta riƙa kai da kawo gaba da baya har hama ta daina kai wa hula. Da ɗuri mara nauyi tana daɗewa, amma mai ƙarfe ta fi kwanciyar hankali. Haka kuma wadda ake sayarwa da sunan Navy mai baki .44, ita ma ba ta cikin tarihi, .44 ɗin Colt da aka fi sani a wancan lokacin ita ce 1860 Army.

Wanki ba a ɗaga shi zuwa gobe. Tokar tana jan danshi kuma tana da gishiri, dare ɗaya ya isa tsatsa ta fara cin ɗakuna. Ruwan zafi da sabulu, buroshi, a cire nono a wanke su daban, a busar sosai, a shafa mai. Yana ɗaukar min kusan minti 40, kuma duk bayan fita 3 ko 4 nakan kwance injin gaba ɗaya don kullum sai na tarar da ɗan ɓallin hula a ciki.

In za a ce in ba ta maki, yadda ta fito daga kwali 6 cikin 10 zan ba ta, saboda gajeriyar sanda da nono marasa daidaito da kaifin da aka bari a fuskar hama abubuwa ne da bai kamata mai saye ya gano su da kansa ba. Yadda take yanzu kuwa 9 ce, a yadi 25 tana tara ƙwallo 5 a wurin da tafin hannuna zai rufe, kuma zan sake sayen irinta ba tare da tunani ba. Wanda yake son abin da zai ɗauka ya harba ya ajiye, wannan ba tasa ba ce. Wanda kuma yake jin daɗin zama da kayan aiki yana sauraron ƙarfe, zai so ta sosai.

Makin ɗaya da na riƙe na saiti ne. Saitin baya wata 'yar tsaga ce a hancin hama, sai ka ja ta sannan ka gan shi, na gaba kuma ɗan guntun tagulla ne gajere, shi ya sa take harbi sama, tawa wajen inci 8 sama da inda na auna a yadi 25. Haka na asalin ma suke, an yi su ne don nesa. Har yanzu ƙasan takarda nake aunawa. Na riga na yi magana da mai gyara zai yanka gurbi a bakin bututu ya sa min dogon saiti, in riƙa rage shi a filin harbi kaɗan kaɗan har ya sauka daidai, wata mai zuwa in Allah ya yarda zan kai masa.